Kurket ɗin Dare a Tsibiran Karibiyan

Sharhinmu na yau zai ƙetare tekun Atlantika zuwa yankin Karibiyan, inda duk shekara, tsakanin watan Agusta da Satumba, ƙungiyoyi ke fafatawa a gasar kurket ta CPL. Na san wani zai ce mene ne haɗinmu da kurket, mu da ƙwallon ƙafa ta gama da mu. A yi mini haƙurin 'yan mintoci. Labarin wannan gasa labari ne na kuɗi da mallaka, da kuma na ƙananan ƙasashe masu haifar gwanaye amma ba su da ƙarfin riƙe su. Kuma a cikin masu ƙungiyoyin akwai mutumin da kusan kowane gidanmu ya san fuskarsa.

Yawancinmu a fim ɗin Indiya muka fara ganin kurket. Wanda ya kalli Lagaan na Aamir Khan, wanda ya fito a 2001, zai tuna ƙauyawan da suka kara da Turawan mulki a kan maganar haraji. To wasan ke nan. Kowane ɓangare mutum 11. Ana kafa turaku uku a kowane ƙarshen wata doguwar shimfiɗa a tsakiyar fili. Mai jifa ya rugo ya wurga ƙwallo yana neman turakun, mai bugu ya tsaya da faffaɗar sanda yana kare su yana kuma neman maki. In ya buga ƙwallo ta gangara ta taɓa igiyar da ta kewaye fili, maki huɗu. In ta tashi sama ta tsallake igiyar ba ta taɓa ƙasa ba, maki shida. In aka cafe ta a sama, ko aka karya turakunsa, ya fita, wani ya shigo. Jifa shida su ne oba ɗaya.

A tsarin asali kwana biyar ake yi ana wasa ɗaya, har da hutun cin abinci da na shan shayi, kuma a ƙarshe a iya tashi babu wanda ya ci. A 2003 hukumar kurket ta Ingila, ganin filaye suna ta yin fayau, ta fito da gajeren tsari da ake kira T20: kowane ɓangare oba 20, wato jifa 120, cikin kimanin awa uku an gama an watse. Mai aiki zai iya tashi daga ofis ya je ya kalla, ya koma gida ya kwanta. Indiya ta ci kofin duniya na farko na wannan tsari a 2007 a Afirka ta Kudu, shekara ta zagayo ta kafa gasar IPL, inda attajirai da taurarin fim suka sayi ƙungiyoyin birane. Daga nan kurket ya shiga wata sabuwar rayuwa. Ostireliya ta yi tata gasar, Bangaladash ta yi tata, Karibiyan ma ta bi sahu a 2013.

Sai dai Karibiyan ta sha bamban da sauran, domin babu wata ƙasa a taswira mai suna West Indies. Suna ne na ƙungiyar haɗin gwiwa ta ƙasashe da yankuna 15 da galibinsu Ingila ta mulka, jimillar mutanensu kimanin miliyan shida. Akwai Jamaika can yamma, akwai Barbados da Trinidad da Tobago da Antigua da St Lucia da sauran ƙananan tsibirai, sannan ga Guyana wadda ba ma tsibiri ba ce, a jikin nahiyar Kudancin Amurka take. Daga Kingston zuwa Georgetown ya haura kilomita 2,000. Mafi yawan mutanen jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka domin noman rake. Da aka hana bauta a 1834, sai Turawa suka koma ɗebo 'yan ƙodago daga Indiya, abin da ya sa yau a Guyana da Trinidad za ka ga masallatai da wuraren bautar Hindu kusa da coci-coci. An gwada haɗa tsibiran a tarayya ɗaya a 1958, ba ta kai shekara biyar ba ta wargaje a 1962. Abubuwan da suka rage na tarayya ba su da yawa: jami'a ɗaya, ƙungiyar ƙasashen yankin ta CARICOM, sai ƙungiyar kurket.

Kuma kurket ɗin nan sun ɗauke shi da zafi, saboda a filinsa ne jikan bawa ya fara fuskantar jikan ubangidansa ido da ido, a ƙarƙashin doka ɗaya. Tun 1928 suke buga wasan kwana biyar da manyan ƙasashe, amma sai a 1960 aka amince baƙar fata ya ja ragamar ƙungiyar a cikakkiyar tafiya, wato Frank Worrell, bayan gwagwarmayar da marubuci C.L.R. James ya jagoranta a jarida. Abin da ya biyo baya tarihi ne. A ƙarƙashin Clive Lloyd ɗan Guyana suka ɗauki kofin duniya a 1975 da 1979. Daga 1980 zuwa 1995, shekara 15 cur, babu ƙasar da ta doke su a jerin wasannin kwana biyar. Viv Richards na Antigua yakan shiga fili babu hular kwano, masu jifa na duniya suna rawar jiki. Dattijon da ya ga wannan zamani da idonsa, in ka ji yana kushe gasar CPL, ka san daga inda ciwonsa ya taso.

Daga ƙarshen shekarun 1990 abubuwa suka fara zamewa. Hukumar kurket ta yankin ba ta da kuɗi, rigima tsakaninta da 'yan wasa kan albashi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, yara suka karkata zuwa ƙwallon ƙafa da tsere. A cikin wannan hali wani Ba'amurke ɗan jihar Texas mai suna Allen Stanford, wanda ke da banki a Antigua, ya fito da buhun kuɗi. Ya shirya gasar T20 tsakanin tsibirai a 2006 da 2008. A 2008 ɗin ya sauka da jirgi mai saukar ungulu a filin Lord's na Landan, aka nuna wa duniya akwati cike da daloli, ya sa dala miliyan 20 a kan wasa guda ɗaya tsakanin zaɓaɓɓun 'yan wasansa da Ingila. 'Yan Karibiyan suka lallasa Ingila, kowane ɗan wasan da ya buga ya tashi da dala miliyan ɗaya a dare guda. Watanni kaɗan bayan haka hukumomin Amurka suka bankaɗo cewa bankin nasa damfara ce ta kusan dala biliyan bakwai, kuɗin sababbin masu ajiya yake biyan tsofaffi da shi. A 2012 aka yanke masa ɗaurin shekara 110. Duk wanda zai yi maganar CPL ya kamata ya tuna cewa a kan wannan kango aka gina ta. Mutanen yankin sun riga sun ɗanɗana zaƙin gajeren wasa, sun kuma ga yadda baƙo mai kuɗi ke iya tafiya ya bar su da kunya.

Tsarin da aka zo da shi a 2013 shi ne hukumar kurket ta yankin ta ba wa 'yan kasuwa lasisin gudanar da gasar, su kuma su riƙa biyanta wani kaso duk shekara. Babban ƙarfin da ke bayan gasar shi ne kamfanin waya na Digicel, na attajirin Ireland Denis O'Brien. Aka kafa ƙungiyoyi shida, kowacce da sunan wata ƙasa a gaba: Jamaica Tallawahs, Barbados Tridents, Guyana Amazon Warriors, Trinidad and Tobago Red Steel, St Lucia Zouks, da Antigua Hawksbills. Sunan ƙasa ne a jikin riga, amma ƙungiyar ta mai kuɗi ce, shi ke ɗaukar wanda ya ga dama daga kowane tsibiri, ya ƙara da 'yan ƙalilan daga ƙasashen waje.

Wannan bai shiga kan mutane da sauƙi ba. A shekarar farko aka naɗa Kieron Pollard, ɗan Trinidad, kyaftin ɗin ƙungiyar Barbados. Barbados fa, tsibirin da ya haifi Garfield Sobers da Worrell, wanda ke ganin babu wanda zai koya masa kurket. Wasu suka fito suna ƙorafi a fili cewa an ci mutuncinsu. A 2014 Pollard ya ɗauko musu kofi, ƙorafin ya yi sanyi. A shekarar ce kuma ministan wasanni na Trinidad da Tobago ya ce a cire sunan ƙasarsa daga Red Steel, tunda ba ƙungiyar ƙasa ba ce. Aka cire na ɗan lokaci, aka yi ta cacar baki, aka mayar. Mutane da yawa sun yi wa ministan dariya. Ni a ganina tambayar da ya yi tana kan hanya, kuma har yau ba a amsa ta ba: in ɗan kasuwa yana cin riba da sunan ƙasa da tutarta da kishin mutanenta, me ƙasar ke bin sa?

Kafin mu je can, a ba gasar haƙƙinta. Ta dawo da mutane fili. Wasannin kwana biyar a yankin sun kai matsayin da za ka iya ƙirga 'yan kallo da yatsa, amma daren CPL a filin Queen's Park Oval na Port of Spain ko filin Providence na Guyana, sai wanda ya riga ya sayi tikiti. Ana tafe da mata da yara, ana kaɗa gangunan ƙarfe da Trinidad ta shahara da su, kiɗan soca na tashi tsakanin jifa da jifa, ana busa ƙahon kodi. Masu gasar da kansu suna tallata ta a matsayin shagali kafin wasa. Wasan kuma ba na wasa ba ne. A 2018 Andre Russell na Jamaika ya fitar da masu bugu uku a jifa uku a jere, sannan ya shigo ƙungiyarsa na cikin halin ni-'yasu ya zuba maki 121 a ƙwallo 49, duk a dare ɗaya, kuma a gidan abokan hamayya. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, an killace 'yan wasa a Trinidad aka buga gasar gaba ɗaya babu ɗan kallo, ƙungiyar gida ta ci wasanninta 12 ba ta faɗi ko ɗaya ba. A 2023 har jan kati suka aro daga ƙwallon ƙafa: ƙungiyar da ta ɓata lokaci, sai a fitar mata da mutum ɗaya a oba ta ƙarshe. Sunil Narine ne ya fara fita, mutumin da ko magana ba ta dame shi ba.

Labarin Guyana kuwa, ko mai tsara fim sai ya yi da gaske. Sun kai wasan ƙarshe a 2013 suka faɗi. Suka koma a 2014, da 2016, da 2018, duk haka. A 2019 suka ci wasa 11 a jere, kowa ya ce bana kam an gama, ranar ƙarshe Barbados ta ƙwace kofin. Sau biyar ke nan. Sai a 2023, a gabansu a Providence, suka tattara ƙungiyar Trinidad a maki 94 kacal suka ɗauki kofi. Kyaftin ɗin da ya kai su ga haka Imran Tahir ne, haifaffen Lahore ta Pakistan, wanda ya buga wa Afirka ta Kudu, yana da shekara 44 a lokacin. Ya yi ta kuka a fili, mutanen Guyana na kuka tare da shi. A nan na yarda cewa kishin da tsarin ya haifar na gaske ne, ko da kuwa asalinsa lissafin kasuwa ne.

Babbar hujjar masu kare gasar ita ce Shamar Joseph. Yaro ne daga Baracara, wani ƙauye a bakin kogin Canje a Guyana, wanda sai an yi sa'o'i a kwalekwale ake isa. Ya yi aikin yankan katako, ya koma gari ya yi gadi. A 2023 ƙungiyar Guyana ta ɗauke shi ya riƙa yi wa 'yan wasanta jifa a wajen atisaye, aka ga saurin hannunsa, aka sa shi a wasa. A watan Janairun 2024 yana Brisbane sanye da rigar West Indies. An fasa masa yatsan ƙafa da ƙwallo ana gobe, ya shigo yana ɗingishi ya fitar da mutum bakwai na Ostireliya, West Indies ta ci da ratar maki takwas, nasararta ta farko a wasan kwana biyar a ƙasar tun 1997. Brian Lara, tsohon gwarzon West Indies, yana ɗakin sharhi, hawaye suka zubo masa. Wanda ya ce CPL ba ta tsinana komai ba, a nuna masa wannan yaro.

Yanzu mu zo kan masu ƙungiyoyin. A 2015 kamfanin Red Chillies na Shah Rukh Khan, tare da Juhi Chawla da mijinta Jay Mehta, suka sayi ƙungiyar Trinidad. Shekara ta gaba aka sauya mata suna zuwa Trinbago Knight Riders, domin ta dace da babbar yayarta ta Kolkata. Eh, Shah Rukh ɗin da kuka sani. Masu ƙungiyar Punjab ta IPL suka sayi ta St Lucia, ta koma Kings. Masu Rajasthan Royals suka sayi ta Barbados a 2021, aka ajiye sunan Tridents, wanda aka ɗauko daga mashi mai baki uku da ke jikin tutar ƙasar, aka sa Royals. Ku duba abin da kyau: a shekarar da Barbados ta sauke Sarauniyar Ingila daga shugabancin ƙasa ta zama jamhuriya, a shekarar ce ƙungiyarta ta tashi daga alamar tuta ta koma sunan 'yan sarauta, saboda haka mai ita yake so. Rabin ƙungiyoyin gasar ke nan suka zama rassan kamfanonin Indiya. Kuma ba Karibiyan kaɗai ba. Gasar SA20 da Afirka ta Kudu ta fara a 2023, ƙungiyoyinta shida duk na masu IPL ne. Kamfanin Knight Riders yana da ƙungiya a Abu Dhabi, yana da wata a Los Angeles.

Me wannan ke nufi a aikace? Kamfani ɗaya zai iya riƙe ɗan wasa kusan shekara gaba ɗaya: Janairu a Daular Larabawa, Afrilu da Mayu a Indiya, Yuli a Amurka, Agusta da Satumba a Karibiyan. Ƙasarsa sai dai ta samu ragowar kwanaki. Har lokacin wasa ya nuna inda ido yake. Akwai wasannin CPL da ake farawa da ƙarfe 10 na safe, rana na dukan mutane, ma'aikata na wurin aiki, fili rabinsa babu kowa. Dalili shi ne ƙarfe 10 na safe a Trinidad daidai yake da bakwai da rabi na yamma a Indiya, lokacin da aka zauna gaban talabijin. Gasar da ke alfahari da shagalin dare ta yarda ta buga da hantsi domin mai kallo da ke wata nahiya.

Ɗaya hannun da ke ciyar da gasar shi ne gwamnatoci, kuma nan ne abin ya fi ba ni haushi. Ƙasa takan biya kuɗi kafin a kawo mata wasannin ƙarshe, da hujjar cewa baƙi za su cika otal-otal, duniya ta ga tsibirin a talabijin. Guyana ta samu man fetur a tekunta a 2015, aka fara haƙowa a ƙarshen 2019, baitulmali ya cika. Gwamnatin Shugaba Irfaan Ali ta ɗauki wasannin ƙarshe daga 2022, ta haɗa su da bikin kanibal na musamman. Jamaika kuwa, ƙasa mafi yawan jama'a a cikin masu wasan, mahaifar Michael Holding da Courtney Walsh da Chris Gayle, ta ga wasan CPL na ƙarshe a filin Sabina Park a 2019 kafin dogon yankewa. Ƙungiyarta ta ci kofi sau uku, a 2013 da 2016 da 2022, na ukun ba tare da ta buga ko wasa ɗaya a gida ba. A ƙarshen 2023 mai ƙungiyar ya mayar da lasisinsa, yana cewa gwamnati ba ta tallafa ba, ya buɗe sabuwa a Antigua mai suna Falcons. A kakar 2024 da ta 2025 babu sunan Jamaika a gasar.

Mutane sun zagi gwamnatin Jamaika a kan haka. Ni ban ga laifinta sosai ba. Ƙasa ce da ta shafe shekaru tana fama da bashi a ƙarƙashin sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ministan da ya ɗebi kuɗin asibiti ya ba ƙungiyar ɗan kasuwa mai zama a Florida, me zai gaya wa majalisa? Amma ku dubi yaron Kingston da ya taso yana sa rigar Tallawahs. Wata safiya ya tashi aka ce ƙungiyar ta ƙaura, kamar ɗan haya da ya kwashe kayansa cikin dare. Ƙungiyar ƙasa komai lalacewarta ba ta yin haka.

Saura 'yan wasan, waɗanda su ake fi jifa da kalmar kwaɗayi. Bari mu sa lissafi a gaba. An sayar da haƙƙin nuna IPL na shekara biyar, daga 2023 zuwa 2027, a kan sama da dala biliyan shida. A rabon kuɗin hukumar kurket ta duniya, Indiya na ɗaukar kusan kashi 38 cikin 100, West Indies ba ta kai kashi biyar ba, ga shi kuma duk taron atisaye sai ta sayi tikitin jirgi tsakanin ƙasashe, a yankin da tafiya daga tsibiri zuwa tsibiri ke da ɗan karen tsada. Nicholas Pooran na Trinidad, ɗaya daga cikin mafi iya bugu a duniya, ƙungiyar Lucknow ta IPL ta riƙe shi a 2025 a kan kimanin dala miliyan biyu da rabi, aikin wata biyu. A watan Yunin shekarar ya sanar da cewa ya daina buga wa West Indies, yana da shekara 29. A watan Satumba ya ɗaga kofin CPL a matsayin kyaftin ɗin Trinbago, kofinsu na biyar. Wannan yaro ya taɓa yin mummunan haɗarin mota a 2015 har aka yi zaton ba zai sake wasa ba. Ya san cewa ƙafa ɗaya ce tsakaninsa da zaman gida. Wa zai ce masa ya bar wannan kuɗi?

Kuma hukumar ba ta taimaki kanta ba. A 2014 'yan wasa suka katse ziyarar Indiya a tsakiya saboda rigimar albashi, Indiya ta nemi diyyar kusan dala miliyan 42. A 2016 Daren Sammy ɗan St Lucia ya ja ƙungiyar ta ɗauki kofin duniya na T20 karo na biyu, daren da Carlos Brathwaite ya buga shida sau huɗu a jere a oba ta ƙarshe a Kolkata. A gaban kyamara Sammy ya koka da yadda hukumar ta yi watsi da su. Bayan 'yan watanni aka tuɓe shi. A 2025 aka damƙa masa horar da West Indies gaba ɗaya, bayan ya kai St Lucia ga kofinta na farko a CPL a 2024, wanda ke nuna cewa hukumar ma daga gasar take ɗebo masu ceton ta.

Sakamakon dai yana kan allo. West Indies, wadda ta ci kofin duniya biyu na farko, ba ta samu gurbin zuwa na 2023 ba, bayan ta sha kashi a hannun Zimbabwe da Holan da Scotland a wasannin share fage. A watan Yulin 2025, a Sabina Park ɗin nan dai, Ostireliya ta fitar da su gaba ɗaya a maki 27, na biyu mafi ƙanƙanta a tarihin wasan kwana biyar. Shugaban hukumar ya kira taron gaggawa, ya gayyato Lloyd da Richards da Lara. Bayan wata ɗaya aka buɗe CPL, filaye suka cika maƙil.

Ba zan ɗora wa CPL alhakin maki 27 ba, domin rubewar ta girme ta da kusan shekara 20. Abin da nake tuhumarta da shi ya fi haka sauƙi. Mai bugun da zai tsaya awa shida a gaban jifa mai gudun kilomita 145 a awa, a makarantar firamare ake fara ƙera shi, a ƙungiyar unguwa, a gasar kwana huɗu tsakanin tsibirai wadda babu mai kallo kuma babu mai talla. Wannan aikin gwamnatoci da hukuma da malaman sa-kai ke yin sa. Gasar 'yan kasuwa takan zo ne bayan an gama wahala, ta zaɓi wanda ya nuna, ta haska shi a talabijin ɗin Indiya, daga nan sai kasuwar duniya. Shi kansa Shamar Joseph, kafin Amazon Warriors su gan shi, sai da ƙungiyar unguwa a Berbice da hukumar Guyana suka fara sa shi a wasa.

An fara ɗan motsi. Akwai dokar da ta tilasta wa kowace ƙungiya ta ba matasa 'yan yankin damar buga wasu wasanni. An buɗe gasar mata a 2022, inda Hayley Matthews ta Barbados ta yi fice. A 2025 CPL da hukumar suka haɗa hannu suka shirya ƙaramar gasa ta masu tasowa a Trinidad. Duk waɗannan gajeren wasa ne ke haifar gajeren wasa. Abin da nake so in gani a rubuce a cikin lasisin kowace ƙungiya shi ne kaso sananne na kuɗin shigarta da zai tafi kai tsaye ga kurket ɗin makarantu da gasar kwana huɗu ta ƙasar da take amfani da sunanta, da kuma sharaɗin cewa ba za ta tashi daga ƙasar ba sai da sanarwar shekaru. Gwamnatin da za ta sa hannu a cek ɗin karɓar wasan ƙarshe tana da bakin neman wannan, kuma Guyana, wadda ta fi kowa kuɗi a yanzu, ita ya kamata ta fara.

Ga mai son ya gwada kallo, wasannin dare na can sukan kama tsakar dare ne a agogon Najeriya da Nijar, na safen kuma ƙarfe uku na rana.